Yadda Ake Gano Kuskuren Ɗan Wasan Zamiya a Kan Ruwa da Na'urar Sensa

Ka tambayi ɗan wasan zamiya a kan ruwa da ya faɗi a ƙwallo na huɗu cikin shidan da ake kewayawa abin da ya kayar da shi, zai ce maka ƙwallo na huɗu ne. Galibi ba shi ba ne. Ɓarnar ta faru tun bayan ƙwallo na biyu, inda ya zarce da jan igiya na ɗan abin da bai kai rabin sakan ba, ya iso na uku a makare, ya rama da ƙarfin tsiya, bashin ya yi ta hauhawa har na huɗu ya zo karɓa. Jiki ba ya riƙe lissafin irin wannan ɗan lokaci. Kocin da ke zaune cikin jirgi ma yana yin bakin ƙoƙarinsa, sai dai feshin ruwa kan rufe masa allon da ɗan wasa ke tsaye a kai a daidai lokacin da yake son ganinsa. Nan sensa, wato ƙaramar na'urar da ke auna motsi ko ja, take da rana, domin ita ba ta mantuwa, kuma duk abin da ya faru sai ta rubuta shi da lokacinsa.

A kan silalom nake magana, wato wasan da jirgi mai inji ke jan mutum bisa allo guda yana kewaya ƙwallaye shida da aka ɗaure a ruwa. Tun da Ralph Samuelson ya fara tsayawa a kan katako biyu a tafkin Pepin na jihar Minnesota a 1922, wasan ya rarrabu: akwai tsalle, akwai na juye-juye. Amma silalom ya fi daɗin awo, don filinsa iri ɗaya ne ko a Florida kake ko a Melbourne. Bisa ƙa'idar IWWF, hukumar wasan ta duniya, tsawon filin mita 259 ne. Daga ƙofar shiga, wato ƙwallaye biyu da ake ratsa tsakaninsu a farkon fili, zuwa ƙwallo na farko mita 27, tsakanin kowane ƙwallo da na gaba mita 41, kuma kowanne yana nesa da layin tsakiya da mita 11.5. Na 1 da 3 da 5 suna dama, na 2 da 4 da 6 suna hagu. Iyakar gudun jirgi ga maza kilomita 58 a awa, ga mata 55, wato sakan 16.08 ko 16.95 daga ƙofa zuwa ƙofa. In an kai iyakar gudu sai a shiga rage igiya: 18.25, 16, 14.25, 13, 12, 11.25, haka dai. A 11.25 igiyar ba ta ma kai ƙwallon, sai mutum ya cike giɓin da tsawon jikinsa. A 2013 Nate Smith ɗan Amurka ya kafa tarihin duniya da ƙwallo biyu da rabi a igiya mai mita 9.75.

Lamba ɗaya nake so ka haddace. A gudun 55, jirgi na cin kusan mita 15.3 kowane sakan. Ke nan kashi ɗaya cikin goma na sakan mita ɗaya da rabi ne. Da wannan za ka auna kowace na'ura kafin ka ba da kuɗinka.

Kayan da za ka tanada

Na farko ma'aunin ja. Dangin sikelin rataye ne irin na mahauta, sai dai shi da lantarki yake aiki kuma yana rubuta abin da ya auna. Nemi mai siffar harafin S wanda ke ɗaukar kilo 1000. Ba don za ka ja kilo dubu ba, don fizgar igiyar da ta saki sannan ta ɗaure ba ta da ta-ido, kuma ƙwararre yana iya ɗora wa igiya fiye da ninki biyu na nauyin jikinsa. Masu haɗawa da kansu sukan sa ɗan guntun HX711 mai karanta ma'aunin, da 'yar kwamfutar ESP32, da katin ajiya. A kula, HX711 yakan zo a saitin awo 10 a sakan, wato awo ɗaya duk mita ɗaya da rabi, ƙololuwar ja za ta wuce bai gan ta ba. A mai da shi 80.

Na biyu sensar motsi, wadda ake kira IMU. Ba ta fi kwalin ashana ba, kuma abu uku ne a cikinta: ma'aunin fizga, ma'aunin juyi, da kamfas. Sensa biyu sun isa, ɗaya a allo ɗaya a jiki. Sharuɗɗanta: ta yi awo aƙalla 100 a sakan, ma'aunin fizgarta ya kai 16g, wato ninki 16 na ƙarfin da ƙasa ke jan abu, na juyi ya kai digiri 2000 a sakan, ta jure nutsewa, kuma lallai ta kasance tana da ma'ajiya a cikinta. Kada mai shago ya ruɗe ka da cewa tana aika bayani kai tsaye zuwa waya ta Bluetooth. Ruwa yana shanye wannan siginar, da allo ya nutse magana ta yanke.

Na uku kyamara mai ɗaukar hoto 120 a sakan, da mariƙin nan da ake ɗaurawa a turken jirgi, wato sandar da igiya ke ɗaure a jikinta, yana bin igiya duk inda ta juya. In ka sa wayar da ke da manhajar phyphox a kan wannan mariƙi, ma'aunin juyin wayar zai ba ka kusurwar igiya a kyauta. Jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ce ta yi manhajar, kuma tana fitar da alƙaluma zuwa Excel.

GPS kuwa, na waya ka manta da shi. Sau ɗaya yake awo a sakan, tsakanin awo da awo jirgi ya yi mita goma sha biyar. Irin na masu tseren mota mai awo 25 a sakan, kamar RaceBox Mini, zai ba ka saurin ɗan wasa, amma ni ban sa shi a sahun farko ba. Gudun jirgi dai na'urar Zero Off ko PerfectPass ta riga ta riƙe maka shi. Wanda aljihunsa bai kai duka ba, ya fara da ma'aunin ja da kyamara. Masu bincike a Jami'ar Guelph ta Kanada da suka yi nazarin wasan nan su ma jan igiya yana cikin manyan abubuwan da suka auna.

Saiti a gida, ba a fafe gora ranar tafiya

Rataye ma'aunin ja a reshe mai ƙwari ko ƙarfen rumfa. Karanta shi babu komai, ka mai da shi sifili. Litar ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka mai lita 25 cike ta ba ka kilo 25, sai ka ƙara nauyin jarkar kanta. Rataya ɗaya ka rubuta, biyu ka rubuta, huɗu ka rubuta. In lambobin suna hawa daidai da daidai, ma'auninka lafiya lau. In na jarka huɗu ya kauce, duba ko ƙugiyar tana jan ma'aunin a karkace.

Sai sensar allo. Goge saman allon da sifirit, a gaban takalmin gaba ko bayan na baya, inda ƙafa ba ta taɓawa. Manna ta da tef mai ƙarfi irin 3M Dual Lock, tsawonta ya bi tsawon allo sak, sannan ka ɗaure ta da zare mai ƙwari a jikin takalmi. Na taɓa raina wannan zaren. Faɗuwa ɗaya aka yi a ƙwallo na biyu, allon ya taso fes, tef na nan, sensa kuwa tana ƙasan tafki da bayanan yini guda a cikinta. Ta biyu a sa ta a ƙirji cikin aljihun da aka ɗinka a rigar ruwa, da soso a bayanta. Kada a sa abu mai tauri a kan ƙashin baya, faɗuwa a wannan gudu ba wasa ba ce.

A bakin ruwa

Ma'aunin ja a wajen turke ake sa shi, tsakanin turke da igiya. Kada ka kuskura ka sa shi kusa da mariƙin da ɗan wasa ke riƙewa. Igiya tana miƙewa, in mariƙi ya kuɓuce tana komowa cikin jirgi kamar danƙo, to ka ga in da ƙarfe a bakinta. Naɗe ma'aunin da soso, ka sa masa ɗamara ta biyu a turke ko da ta farko za ta tsinke, ka tabbata yana juyawa hagu da dama ba ya bugun murfin inji. Sannan ka sake auna igiya, don ma'auni da ƙugiyoyinsa sun ƙara mata tsawo. A ƙa'ida ana auna igiya ne tana ɗauke da ja na kilo 20. In ba ka cire wannan ƙarin ba, za ka yi ta murna kana gudu a 14.25 alhali a 14.50 kake.

Kwantar da allo a kan dandamalin bayan jirgi, ka daidaita shi da ma'aunin magina mai ƙwayar ruwa. Kunna sensa, ka bar ta sakan ashirin ba motsi. Ma'aunin juyi yana da 'yar ƙarya da yake yi ko a kwance yake, wannan shirun ne zai nuna girmanta don a cire ta daga baya. Sai ka karkata allon dama, ka riƙe, ka mai da shi, ka karkata hagu. Daga baya za ka gode wa kanka, don babu abin haushi kamar zama gaban kwamfuta ba ka san wane gefe ne sama a zanen ba.

Yanzu matakin da ya fi kowanne muhimmanci, wanda kuma aka fi tsallakewa: haɗa agogo. Kowace na'ura da nata lokacin. In suka saɓa da kashi biyu cikin goma na sakan, zanenka zai ce ka ja igiya mita uku daga inda ka ja ta, ka ga an gyara abin da bai lalace ba. Maganin mai sauƙi ne. Ɗan wasa ya tsaya a bayan jirgi da allo a ƙafa, a gaban kyamara, igiya a miƙe. Ya fizgi igiyar da ƙarfi yana dira allon a lokaci guda, sau uku. Fizgar za ta fito a ma'aunin ja, dirar ta fito a sensa biyun, girgizar ta fito a wayar turke, kyamara kuma ta ga komai. A maimaita bayan an gama, don agogon ƙananan na'urori yakan ja da baya ko ya yi gaba a cikin minti goma sha biyar.

A kan ruwa

Mutum uku: direba, mai lura da ɗan wasa, da ɗan wasa. Mai lura idonsa a kan mutum yake, ba a kan waya ba. In akwai mai kula da na'urori ya zama na huɗu, kuma a riƙa zuwa da shi kullum ko a sa nauyinsa a jirgi, don nauyin jirgi yana canza kunyoyin nan biyu da yake bari a baya kamar na garma.

Zaɓi gudu da tsawon igiyar da kake wucewa sau tara cikin goma. Ranar awo ba ranar nuna bajinta ba ce, so ake a ga ɗabi'arka ta kullum. Kafin ka fita gefe don shiga ƙofa, bi bayan jirgi a miƙe allo a kwance na sakan uku, haka kuma bayan ƙofar fita. Yi zagaye shida, wato ratsa fili daga ƙofa zuwa ƙofa sau shida, ka tsaya. Mai lura ya rubuta a takarda: gudu, igiya, iska daga gaba take ko daga baya, wane ne direba, da saitin Zero Off, harafi da lamba, don A1 da C3 ba iri ɗaya suke mayar da martani ga ja ba. Da ka fito, kafin ka ga kowane zane, faɗi abin da ka ji a kowane zagaye a rubuta. Wannan shaidar za a gwada da ta na'ura.

Tarkon ma'aunin fizga

Mutane da yawa a nan suke ɓata. Wayarka tana gane karkata ne ta hanyar jin inda nauyi ke ja, kuma hakan daidai ne muddin tana zaune wuri ɗaya. Amma ka tuna ɗan acaɓa da ya sha kwana da gudu: babur ya kwanta, fasinja kuwa ji yake ana danna shi cikin kujera, ba ya jin zai zame gefe. Haka sensar take ji a kan allo. A tsakiyar kwana, allo ya kwanta sosai, ma'aunin fizga zai ba ka kusurwar da ba ita ba ce. Kamfas ma ba abin dogaro ba ne kusa da ƙarafa.

Saboda haka karkatar allo daga ma'aunin juyi ake ciro ta. In manhajar sensarka tana ba da zaɓi, rage dogaronta ga ma'aunin fizga, ka kashe kamfas. Laifin ma'aunin juyi shi ne zamewa a hankali, amma zagaye sakan goma sha bakwai ne kacal, kuma waɗancan sakan uku na farko da na ƙarshe da ka bi jirgi a miƙe su ne turakunka: ka san a nan kusurwa sifili ce, sai ka raba kuskuren da ya taru a tsakaninsu. Daga nan ɗauki hoto biyu ko uku daga bidiyon, ka auna kusurwar da manhajar Kinovea, ita ma kyauta ce. In sun yi kusa da juna, ci gaba. In sun yi hannun riga, bidiyon ka gaskata.

Karatun zane

Jera layi huɗu a Excel, ɗaya bisa ɗaya, lokacinsu guda: kusurwar igiya, ja, karkatar allo, da sunkuyon ƙirji. Raba ja da nauyin jikinka don ka iya gwada kanka da wani. In layin ya cika tsalle-tsalle, ɗauki matsakaicin awo biyar-biyar, kada ka wuce goma, in ba haka ba za ka goge abin da kake nema. Duk inda kusurwar igiya ta ratsa sifili, nan ne kake bayan jirgi daidai. Ja layi a tsaye a wurin. Komai daga wannan layin za a auna shi.

Fara da siffar ja. Abin da kociyoyi ke nema tudu ne mai hawa a hankali daga ƙarshen kwana, ya kai ƙololuwa tsakanin kunya ta farko da tsakiya, ya sauko a hankali ba tare da ya faɗi ƙasa warwas ba. In ka ga ja ya sauka kusan sifili a wajen ƙwallo sannan ya harba sama kamar tsinin mashi, igiya ce ta saki ta fizge ka. Kada ka tsaya a kan tsinin, koma baya wajen sakan ɗaya da rabi. Kusan kullum za ka tarar ja bai sauka ba sai da ka wuce kunya ta biyu da nisa, ka shigo ƙwallon da gudun da ya fi na jirgi, ka juya kafin jirgi ya ɗauke sakin igiyar. In kuwa tozo biyu ka gani, ka ja da wuri ne, jirgi ya fi ƙarfinka ya tashe ka tsaye, ka sake kwantawa a tsakiya. Duba layin ƙirji a daidai kwarin da ke tsakanin tozon biyu, za ka ga sunkuyo: ƙugu ya tsaya a baya, kafaɗa ta bi igiya.

Sai karkatar allo. Inda ta ratsa sifili shi ne lokacin sauya gefe. Ƙirga sakan nawa ne tsakaninsa da layin tsakiya, ka rubuta na kowace ƙetarawa. Uku suna zuwa dama, wato ƙofa zuwa 1, 2 zuwa 3, 4 zuwa 5. Uku suna zuwa hagu. Tun da ƙafa ɗaya ce a gaba, kowa yana da gefen da ya fi masa daɗi, amma girman bambancin shi ne abin nema. A ce a zagaye shida ka tarar in za ka hagu kana sauya gefe da sakan 0.3 bayan tsakiya, in za ka dama sai 0.6. Bambancin nan ya haura mita huɗu da rabi na tafiyar jirgi, a fili da mita 41 kawai ke tsakanin ƙwallaye. Ga ɓarawon da ke cinye maka 1 da 3 da 5, ko da a 4 kake faɗuwa.

Kusurwar igiya ma tana da nata labarin. In ka ajiye tsawon hannu gefe, don kai wa mita 11.5 igiya mai 18.25 tana buƙatar kusan digiri 39, mai 16 digiri 46, mai 14.25 digiri 54, mai 13 digiri 62, mai 12 digiri 73. Ka ga yadda tsallen ke ƙaruwa. Duba bidiyo ka ga ko kana kai wa kusurwarka mafi faɗi kafin ƙwallo ko bayansa. Wanda ke kaiwa bayan ƙwallo a 16 zai wuce dai, amma 14.25 ba za ta yafe masa ba.

Hancin allo kuma, in yana ɗagawa sama a ƙarshen kwana, nauyi ya koma ƙafar baya. Wannan ko koci yana ganinsa.

Gyara

Taura biyu ba ta taunuwa. Zaɓi lamba ɗaya, wadda ta fi maimaita kanta a zagaye shida, ba wadda ta fi muni sau ɗaya ba. In jinkirin sauya gefe ne, ƙara tsawon igiya mataki ɗaya ko ka rage gudu da kilomita uku, ka fita daga filin ƙwallaye gaba ɗaya ka yi ta ƙetarawa a buɗaɗɗen ruwa. Ka sa a ranka ja ya ƙare a tsakiya, gwiwoyi su bar allo ya wuce ƙarƙashinka a kunya ta biyu, hannu biyu na kan mariƙi, gwiwar hannu manne da rigar ruwa, mariƙi kusa da ƙugu har sai ka fita fili. Da farko za ka ji kamar ka saki da wuri ƙwarai, har ba za ka kai ƙwallo ba. Takardar nan da aka rubuta abin da ka ji ita za ta nuna maka yawan tazarar da ke tsakanin jinka da abin da ya faru.

Yi fita uku ko huɗu ba tare da na'ura ba, sannan ka sake awo da jirgi ɗaya, direba ɗaya, igiya ɗaya, saiti ɗaya, a irin iskar farko in hali ya yi. Sabuwar igiya ta fi tsohuwa miƙewa, hakan kaɗai yana canza siffar tudun. In lambar ta motsa fiye da bambancin da ke tsakanin zagayenka shida na farko, gyara ya kama. In ba ta wuce wannan ba, ba abin da ya canza tukuna.

Fiffiken ƙarfen da ke ƙarƙashin wutsiyar allo shi ne na ƙarshe da za ka taɓa, duk da shi hannu ya fi son zuwa. Sai lokutanka sun daina yawo daga zagaye zuwa zagaye, ka ga har yanzu allo yana ƙin juyawa a gefe ɗaya, sannan ka ɗauko ma'aunin kalifa mai auna ɗan ƙanƙanin tsawo. Rubuta zurfin fiffiken, tsawonsa, nisansa daga wutsiya, da kusurwar ɗan reshen da ke jikinsa kafin ka kwance ko noti ɗaya. Motsa abu guda, da ɗan abin da bai wuce kaurin takarda biyu ba, ka sake zagaye shida, ka sa wa fayil ɗin kwanan wata da sabon awon fiffiken a sunansa.